Ranar da Abarba Ta Cinye Naman Kawu Nabor

Ku ajiye littattafan nan tukuna, malama ba yanzu za ta shigo ba, na hango ta can tana shan kofi. Ku matso. Duk wadda ba ta zo bakin titin unguwarmu ranar Asabar ba, an yi babu ita, don abin da Kawu Nabor ya yi har jakin Don Heraclio sai da ya daina cin ciyawa ya tsaya kallo.

Kun dai san Nana Lencha, tsohuwar nan mai gida a bakin titi, da buritonta ɗari, naɗin nan na wake da nama a cikin gurasar fulawa. Duk shekara in masu tattaki suka fara wucewa za su garin Magdalena gaida waliyyi San Francisco, sai ta kafa tebur ta miƙa wa mutum ɗari burito ɗari kafin ƙararrawar ƙarfe goma. Bakance ta yi. Ɗanta Nabor yana jariri ƙyanda ta kama shi har an fara neman farin ƙyalle, sai ta ce wa waliyyin in ya bar mata yaron, to muddin tana numfashi hannun gidanta ba zai fasa ciyar da baƙinsa ba. Waliyyi ya bar mata shi. Bana shekara arba'in da tara ke nan, kuma har yau a unguwa ana gardamar wa aka cuta tsakanin su biyun.

Kowa ya san labarin nan banda mutum ɗaya, shi Kawu Nabor ɗin. Shi ce masa aka yi saboda wata saniya ce da ta taɓa faɗawa rijiya. Nana ta ce in ya ji saboda shi ake ciyar da mutum ɗari duk shekara, sai an rushe ƙofar gida kafin kansa ya shige. Kuma kun san San Francisco ba ya yafe alkawari. In aka saɓa masa zuwa yake ya karɓi abinsa, kuma tsofaffi sun ce da wuta yake fara sallama.

To ranar Laraba Nana ta bi kaza za ta kama. Kaza ta kauce wa turmi, Nana ba ta kauce ba. Aka dawo da ita daga asibiti hannun dama a naɗe cikin farin siminti tun daga yatsu har gwiwar hannu, ga Asabar saura kwana uku.

Doña Artemisa ta leƙo ta kan katanga. Kun san ta, duk garin nan ba mai miƙa tortiya, gurasar da ake naɗe burito da ita, kamarta, tun daga yatsa har hammata, ga sirantaka har kana iya karanta jarida ta cikinta. Ta ce, "Kwantar da hankalinki, Lencha, ni zan yi miki."

Nana ta ce, "Hannun gidan nan na ce masa, Artemisa. Ban ce hannun gidan bayan katanga ba."

Gidan kuwa su biyu ne rak a ciki. Suna cikin haka labule ya motsa, sai ga Kawu Nabor ya fito cikin rigarsa mai furanni. Rigar nan ba ya sa ta sai in zai yi babbar magana. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya yi kwana tara a wani otal na bakin teku can Nayarit, ya dawo da ita, tun daga ranar kuma ba a ƙara cin abinci a gabansa cikin kwanciyar hankali ba. Wai shi ne na hannun daman shugaban masu girki. Wai baƙi kuka suka yi ranar da zai tafi.

Ya ce, "Mama, share hawayenki. Shekara arba'in da tara kina ɗura wa bayin Allah wake da busasshen nama. Waliyyin nan ya gaji da wake. Ita kanta saniyar da tana raye da ta ce a canja."

Nana ta kalli tumbinsa. Ta ce, "Tana raye. Ci kawai take yi."

Shi ko a jikinsa. Ya ɗaga yatsa sama ya ce burito irin na bakin teku zai yi, coriso, naman nan da ake ɗurawa a hanji, da ƙwai, da abarba, da gwanda, da mangwaro, da kwakwa. Mutum ya gutsura ya ji iskar teku tana kaɗa masa gashi, ya manta da ƙafarsa na ciwo.

Doña Artemisa ta ce, "Nabor, ko ruwan zafi ka taɓa dafawa?"

"Doña Artemisa, manyan masu girki ba sa dafa ruwa. Dafa musu ake yi."

Ranar Juma'a da safe ya tura baro zuwa kasuwa. Ya lodo abarba tara, ɗanyar gwanda uku, mangwaro kwando guda, ƙwai ɗari da ashirin, ya ɗora kwakwa a sama kamar hula. Ya biya ta wajen Don Heraclio mahauci, ya buga hannu a kan katako.

Don Heraclio ya ce, "Ga coriso na naman shanu nan a rataye, jiya na ɗura shi. Ɗauki kilo goma, ka yanka abarbarka ka gasa daban, ka huta ka hutar da mutane."

"Kompadre, aminina, wannan naka na masu kiwon shanu ne. Ba ni niƙaƙƙen nama da hanji, da kaina zan ɗura. Abarba da gwanda a ciki za su kwana, ɗanɗano ya ratsa har ɓargo."

"Niƙaƙƙen nama ba shi da ɓargo. Kuma ɗanyar abarba cin nama take yi, Nabor, gwanda ma haka. Ka bar su tare minti ashirin ya yi laushi. Ka bar su su kwana, sai dai ka nemi cokali."

Kawu Nabor ya yi dariya har da riƙe tumbi. "Abarba ba ta da haƙori, kompadre."

"Kai ma ba ka da kunne, amma ga ka kana yawo."

Ya dai auna masa. Yana juya baya Don Heraclio ya sauke coriso kilo goma daga ƙugiya ya ajiye gefe.

Da la'asar tsakar gidan Nana ya koma kamar an yi yaƙi da 'ya'yan itace. Ya goge abarba takwas da gwanda uku a cikin naman, ya zuba barkono da tafarnuwa, ya cuɗa da hannu yana waƙa. Ya fara ɗurawa a hanji da mazurari, sai ya ga abin na tafiyar hawainiya. Wai a otal da inji suke yi. Ya samo guntun bututun ruwa ya cika shi da nama, ya ɗaura hanji a baki ɗaya, ya haɗa famfon keke a ɗayan.

Ya buga sau ɗaya, shiru. Sau biyu, shiru. Sau uku, bututu ya yi wani irin nishi. A na huɗu ya hau famfon da duk nauyinsa. Ai kuwa hanji ya cika, ya miƙe, ya suɓuce daga bututun ya tashi sama kamar maciji ya sami fiffike, ya tsallake katanga.

Can sai muryar Doña Artemisa. "Nabor, wani abu naka ya shigo gidana ba sallama."

"Ɗanɗano ne na aiko miki, maƙwabciya."

"To ya ɗanɗani rigata ta zuwa coci, ya naɗe mata wuya."

Abin da aka ji daga gidanta kawai ƙarar wake ne ana juye shi cikin babbar tukunya.

Kafin rana ta faɗi ya cika igiyar shanya da coriso tun daga wannan bango har wancan. Nana ta ce ba za a ɗiga mata mai a ƙasa tururuwa su taru ba, ta tura bahon wankinta da ƙafa ƙarƙashin igiyar. Shi kuma ya fasa ƙwai ɗari da ashirin a roba, ya tuttula musu ragowar ruwan abarba da na kwakwa, wai su kwana tare su saba da juna. Fulawar tortiya kuwa bai kwaɓa ta da ruwa da kitse yadda uwar kowa ke yi ba. Da mangwaro ya kwaɓa. Ya tsaya ya kalli aikinsa hannu a ƙugu, ya ce gobe za a san an haifi mutum a gidan nan.

Gari na wayewa ya fito yana miƙa, ya kalli igiya. Ba coriso. Sai ƙulle-ƙullen zare da 'yan tsummokaran hanji suna lilo a iska.

Ya ce, "Kare."

Karen Nana yana can lungun da ya fi kowane lungu nisa da igiyar, ya cusa hancinsa ƙarƙashin ƙafafunsa. Kawu Nabor ya sunkuya ya leƙa baho. Baho ya kai rabi da wani abu ja-ja mai ɗan kumfa, kamar an dama kunu da jini, yana motsi shi kaɗai. Abarba ta cinye naman, ta cinye hanjin, da an ƙara mata awa biyu da ta fara kan igiyar.

Lokacin kawunan maƙwabta sun riga sun jeru a kan katanga. Ya ɗago ya gan su. Ya gyara wuyan riga.

"Madalla," in ji shi. "Ya sauko da kansa. A bakin teku haka ake gane coriso ya nuna."

Wata ta ce, "Mangwaro ne shi?"

"Wanda bai taɓa fita daga ƙauye ba komai sabo ne a wurinsa."

Aka kinkimi kaya zuwa bakin titi. Tebur, itace, murfin duro na gasa tortiya, faifan garma na suya, baho, roba. Aka kawo wa Nana kujera ta zauna da hannunta a ƙirji, idonta a kan agogon Don Heraclio, wanda ya zo da keken jakinsa wai wucewa yake yi, ya kuma ɗaure jakin a jikin bishiya. Kawu Nabor ya kafa kwali ya rubuta da gawayi: BURITON BAKIN TEKU, DAGA HANNUN NABOR.

Ya ɗebo kwaɓin fulawa zai miƙa. Kun san yadda ake yi, a wurga daga wannan hannu zuwa wancan, tana faɗi tana faɗi har ta kai hammata. To shi da ya wurga, ba ta tafi ba. Kwaɓin mangwaro ya kama gashin hannunsa, kun san hannun Kawu Nabor kamar na biri. Ya kawo ɗaya hannun zai ɓanɓare, shi ma ya maƙale. Ya tsaya hannu biyu a haɗe kamar 'yan sanda sun sa masa ankwa. Ya ɗaga sama zai fizge, kwaɓi ya zarce har hammata, ya yi wata ƙara da ta tashi tsuntsayen kan waya.

Doña Artemisa ta ce, "Wannan ma salon bakin teku ne?"

"Motsa jiki ne kafin a fara."

Tortiya ta biyu ya barbaɗa mata fulawa da yawa, sai ta tafi fiye da yadda ya so. Ta yi sama, ta juya, ta sauka a kan jakin Don Heraclio ta rufe masa ido da kunne ɗaya. Jaki ya ɗan lasa, ya tofar, ya juya wa tebur baya. Ta uku ce ta kai murfin duro. Zaƙin mangwaro ya kama wuta, gefe ya yi baƙi, tsakiya ta ɓule gida biyar.

Don Heraclio ya ce, "Ta huje."

"Tagogi ne, don tururi ya sami hanyar fita."

Sai ya ɗebi abin cikin baho ya zuba a faifan garma, ya bi shi da ƙwan da ya kwana da abarba. Ƙwai dai kowa ya san in ya ji wuta kamewa yake yi. Wannan ya ƙi. Minti goma yana juyawa, minti ashirin, abu sai ɓul-ɓul yake yi yana ƙara tsinkewa. Wari ya tashi kamar an fasa kwalbar turare a mahauta.

Sai ga masu tattaki sun fara ɓullowa daga kwana, da sandunansu da hulunan kaba, ƙafafu duk sun kumbura. Na gaba wani dogo ne siriri, ya rataya kwali a ƙirji an rubuta: NA YI BAKANCEN SHIRU HAR MAGDALENA. Kwana uku yana tafe daga garin Nogales bai ce uffan ba. Ya san teburin Nana, don fuskarsa har ta washe da ya hango shi.

Kawu Nabor ya shimfiɗa tortiya mai tagogi, ya zuba ludayi biyu, ya naɗe da sauri ya miƙa masa. Kafin bawan Allah ya kai baki, rabi ya bi ta tagogi ya gangara cikin hannun rigarsa har gwiwar hannu. Ya kurɓi abin da ya rage.

Na rantse kunnuwansa sai da suka motsa. Idonsa ya kawo ruwa. Maƙogwaronsa ya hau, ya sauka, ya sake hawa. Ya kalli sama, ya kalli Nana, ya damƙe baki da hannu don kada bakancensa ya karye.

Kawu Nabor ya juyo wajen jama'a. "Kun gani ko? Daɗi ya ɗauke masa magana."

Doña Artemisa ta ce, "Da ma ba ya magana. Karanta ƙirjinsa."

Mutumin ya sa sanda ya rubuta a ƙasa: RUWA. Ya ɗan tsaya, ya ƙara a ƙasansa: DON ALLAH. Aka ba shi, ya kuskure baki sau uku, ya kama hanya da saurin da bai zo da shi ba.

Labari ya bi layi ya koma baya. Masu tattaki in sun kusa teburin sai su tsallaka ɗaya gefen titi, su cire hula su gaida Nana daga nesa. Mutum ɗaya ne ya tsaya, wani tsoho tukuf ba haƙori ko ɗaya a bakinsa, ya miƙo kofinsa na ƙarfe. Ya shanye, ya nemi ƙari. Ya ce shekara shida rabonsa da nama sai yau. Daga nan ya yi shiru yana sauraron cikinsa, sai ya tambayi ina bayan gida yake.

Kawu Nabor ya ce, "Ɗaya ke nan. Biyu ma, tunda ya ƙara."

Nana ta ce, "Abin da aka sha a kofi ba burito ba ne. Ko ɗaya ba a yi ba. Heraclio, ƙarfe nawa?"

"Takwas da rabi, Doña Lencha."

Ta miƙe a hankali. Ta zo bayan ɗanta, ta fara auna shi da hannun hagu, taƙi bayan taƙi, tun daga ƙeya.

"Mama, me kike yi?"

"Tsaya daidai. Heraclio, ƙanenka kafinta yana gida?"

"Yana nan."

"Ka ce masa akwatin gawa, tsawo taƙi tara. Faɗi ya sa huɗu, saboda tumbin."

Kawu Nabor ya ce, "Haba Mama, duk a kan saniya?"

Doña Artemisa ta ajiye gyalenta a kan tebur. "Wace saniya, Nabor? Yaushe aka taɓa yin saniya a gidanku? Ina rijiyar ma take? Kai ne ƙyanda ta kusa kashewa. Kai ne saniyar."

Ya yi dariya. Ya kalli Don Heraclio, bai yi dariya ba. Ya kalli matan unguwa, ba wadda ta yi. Ya kalli uwarsa, sai ya ga da gaske hawaye ne ke bin kumatunta, tana ta lissafin taƙi da leɓe. Ya tuna abin da tsofaffi ke cewa game da yadda waliyyin ke fara sallama. Ya ja da baya taki ɗaya, taki biyu, a na uku gindin rigar furanni ya gaisa da itacen murhu.

Ya shinshina. "Wani abu na ƙonewa."

Don Heraclio ya ce, "Kai ne."

"Ya iso!" Ya zuba a guje yana zagaya tebur, hayaƙi na binsa. "San Francisco, a yi haƙuri, a ba ni awa ɗaya, ban san ni ne ba, saniya aka ce mini!"

Don Heraclio ya duba hagu ya duba dama, ba ruwa a kusa. Abin da ya fi kusa da shi baho ne. Ya sungume shi, ya jira Kawu Nabor ya zagayo, ya juye masa tun daga ka.

Wuta ta mutu. Ya tsaya tsakiyar titi yana ɗiga, ja-ja tun daga gashi har takalmi, guntun abarba a kan gira. Masu tattaki wajen arba'in sun tsaya cak suna kallo, wata mata har da yin alamar gicciye. Kare ya zo ya shinshina ƙafarsa, ya yi atishawa, ya koma.

Doña Artemisa ta tafa hannu sau biyu. Sai ga matan unguwa suna fitowa kamar da ma a bayan ƙofa suke. Wannan da tukunyar wake, waccan da kwaɓin fulawa na gaskiya da ya kwana a rufe, kowace da ƙwan kajinta a cikin gyale. Don Heraclio ya yaye buhu a keken jakinsa, ga coriso kilo goma. Aka wanke faifan garma da toka. Ya ɗauki abarbar nan ɗaya da ta tsira, ya yanka ƙanana ya watsa a kan faifai har ta yi ja tana ƙamshi.

Ya ce, "Wuta ce ke zubar mata da haƙora, kompadre. Ka gani?"

Nana ta girgiza kai. "Kun gode, amma hannun gidan nan na ce."

Doña Artemisa ta nuna Kawu Nabor da haɓa. "Ga guda biyu can a tsaye ba su da aikin yi."

Aka ja shi bakin famfo aka dirje shi da sabulun wanki. Don Heraclio ya wasa wuƙarsa ya aske masa hannuwa tas, tun daga wuyan hannu har hammata, kamar yana gyaran ƙafar bijimi. Aka tsayar da shi gaban murhu ya ware hannuwa kamar mutum-mutumin korar tsuntsaye a gona. Doña Artemisa ta ɗora kwaɓi a kan hannunsa, ta ja daga nan, wata ta ja daga can, tortiya ta miƙe a kansa sirit ba ko taga ɗaya. A gasa, a shafa wake, a zuba coriso da ƙwai da gasasshiyar abarba, a naɗe, a ɗora masa a tafi, shi kuma ya miƙa wa mai wucewa. Nana tana ƙirgawa da ƙarfi.

Ya buɗe baki wajen na ashirin. "Da an ɗan ƙara mangwa..."

"Rufe baki, buɗe hannu."

Ya rufe. Sama da awa guda Kawu Nabor bai yi magana ba. Tsofaffin unguwa sun ce tun da ya koyi magana ba su taɓa ganin haka ba. Ƙamshi kuwa ya bi titi, waɗanda suka tsallaka ɗazu har dawowa suka riƙa yi. Hamsin. Saba'in. Zufa na zuba, idonsa a kan agogon Don Heraclio.

Casa'in da tara, goma saura minti goma. Aka ɗora masa na ɗari a hannu. Ya juya zai miƙa, titi wayam. Ayarin ƙarshe ya wuce, kowa a cikinsa ya karɓa. Tsohon nan mai kofi bai fito daga bayan gida ba, ko ya fito ma ba shi da abin taunawa. 'Yan unguwa kuma ba masu tattaki ba ne.

Nana ta ce a hankali, "Heraclio, ka ce masa katako mai kyau."

Ai Kawu Nabor bai jira ƙarshen maganar ba. Ya rungume burito ya zura da gudu, rigar furanni rabi a ƙone tana kaɗawa. Duk unguwa ta bi shi, wasu a ƙasa, Nana da Doña Artemisa a keken jaki.

A bakin gadar bayan gari dogon nan mai bakancen shiru yana zaune, ya cire takalmi yana duba ƙafarsa, har lokacin yana tofar da yawu. Ya ɗago ya hango wanda ke zuwa, ya hango abin da ke hannunsa. Mutumin da ya yi kwana uku yana jan ƙafa, ya kwashi takalmansa a hannu ya arce.

"Tsaya, bawan Allah, guda ɗaya ne kawai."

Ya ƙara wuta.

"Wannan ba irin na ɗazu ba ne. Ba ni na yi ba. Na rantse ba ni na yi ba, hannuna kawai aka ara."

Dogo ya rage gudu. Ya waiwayo, ya ɗaga gira ɗaya.

Kawu Nabor yana haki kamar zai shiɗe. Jama'a sun iso sun kewaye su. Ya ce, "Doña Artemisa ce ta miƙa tortiyar. Coriso na Don Heraclio ne. Ni ban iya komai ba."

Dogo ya tsaya, amma bai miƙo hannu ba. Ya nuna rigar furanni da sanda, ya karkata kai, alamar saura.

Kawu Nabor ya kalli agogo. "Shara nake kwashewa a otal ɗin. Ta ƙofar baya. Kwana tara, aka kore ni. Rigar ma wani baƙo ne ya manta da ita."

Nan dogo ya karɓa. Ya shinshina, ya rufe ido, ya gutsura ɗan mitsitsi. Ya tauna. Ya buɗe ido ɗaya. Ya kai loma ta biyu babba, daidai lokacin ƙararrawar coci ta fara bugawa. Nana ta ce, "Ɗari," ta saki numfashi, ta jingina da kafaɗar Doña Artemisa. Dogo ya cinye tas, ya lashe yatsu, ya rubuta a ƙasa: AKWAI ƘARI?

A hanyar dawowa aka ɗora Kawu Nabor a bayan keken jaki, ƙafafunsa na reto, kansa a sunkuye. Har an fara jin tausayinsa. Doña Artemisa ma ta miƙa masa gyalenta ya rufe inda rigar ta ƙone. Sai aka ga leɓensa na motsi, yana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Kai ya fara ɗagowa. Ƙirji ya fara fitowa.

"Dubu huɗu da ɗari tara," in ji shi. "Kompadre, mutum dubu huɗu da ɗari tara aka ciyar saboda ni. A duk garin nan wa aka taɓa ciyar da ko mutum goma saboda shi? Waliyyi da kansa ya duba jarirai ya ce a bar masa wannan. Kuma ku faɗi gaskiya, wa ya fara kawo maganar abarba? Baɗi in Allah ya kai mu, da ayaba zan..."

Nana ta ce a tsayar da jaki. Ta juya ta fuskanci hanyar Magdalena, ta ɗaga hannunta mai siminti sama.

Ta ce, "San Francisco, ka ji da kunnenka. Baɗi hamsin zan yi. Ka zo ka ɗauki rabinka, na saman, mai bakin."